Lambar P0171 da Sensar da Ake Ɗora wa Laifi

Cikin sanyin hunturun da ya wuce ne wutar nan mai ruwan ɗorawa, wadda muke kira cek injin, ta kama a Corolla ɗina ƙirar 2007. Motar ba ta tsaya ba, ba ta yi hayaƙi ba. Abin da na lura da shi kawai, in na tayar da ita da asuba sai silo ɗinta ya riƙa rawa, sitiyari na karkarwa a hannuna, da zarar ta ɗauki zafi kuma sai ta daidaita kamar ba ita ba. Na kai ta gareji, aka jona mata na'ura a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito: P0171. Kafin in buɗe baki bakanike ya ce, “Alhaji, oksijin sensa ce ta mutu.” Aka sayo, aka ɗaura, aka goge lambar. Kwana uku wuta ta dawo. Aka ce fulogi ne, aka sauya. Aka ce nozul ne, aka wanke. Ranar da aka fara zancen sauke tanki a sauya famfon mai, ranar na ɗauke motata.

Ba na zargin mutumin da ha'inci. Abin da ya faru da ni yana faruwa da masu motoci da yawa, kuma tushensa guda ne: ana ɗaukar lambar da na'ura ta nuna tamkar sunan kayan da ya lalace. P0171 ba sunan kaya ba ne. Ƙorafi ne daga kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira biren bos, tana cewa iska ta rinjayi mai a cikin abin da injin ke ƙonawa, kuma ta yi ta ƙara mai har ta kai maƙura abin bai daidaita ba. Oksijin sensa, wadda ke jikin salansa, ita ce ta kawo rahoton. Sauya ta saboda ta kawo rahoto, shi ne a bar jaki ana dukan taiki.

Injin fetur yana son iska da mai bisa wani ma'auni: giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. A nan ne man ke ƙonewa sarai, kuma a nan ne tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, take iya aikinta. A zamanin kafireta, irin na Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, bakanike ne ke saita wannan ma'auni da sukudireba da kunnensa. Motocin yanzu kwamfuta ce ke yi. Akwai sensa a bakin bututun iska, bayan iya kilina, mai suna MAF, da ke auna iskar da ta shigo. Kwamfuta ta ɗauki wannan awo ta lissafa tsawon lokacin da za ta buɗe nozul, abin da bai wuce 'yan ɓurɓushin daƙiƙa ba. Bayan an ƙone, sensar da ke salansa ta shinshina hayaƙin ta faɗi ko akwai ragowar oksijin. In akwai da yawa, mai ya yi kaɗan ke nan, sai kwamfuta ta ƙara. Haka suke ta yi ba tsayawa muddin injin ya ɗauki zafi.

Wannan ƙari da ragi da kwamfuta ke yi ba a ɓoye yake ba. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a can tsarin OBD-II, mai soket ɗin nan mai ramuka 16, kuma galibin tokumbo ɗinmu daga can suke zuwa. Duk na'urar da ke iya nuna bayanan injin yana aiki, ko da ƙaramar nan ce da ake haɗawa da wayar hannu, za ta nuna lambobi biyu. STFT shi ne gyaran nan take, yana hawa yana sauka kowace daƙiƙa. LTFT shi ne gyaran da kwamfuta ta haddace bayan ta daɗe tana ganin abu guda. Sifili na nufin lissafin farko ya yi daidai. In ka ga +8, an ƙara mai da kashi 8 cikin ɗari. Ana haɗa su biyun a karanta. Lafiyayyen inji ba ya wuce goma sama ko ƙasa. In jimillar ta haura wajen +25, a wasu motocin ma sai ta fi haka, kuma aka maimaita a tafiya biyu a jere, sai wuta ta kama. Wannan sharaɗi na tafiya biyu shi ya sa duk wanda aka goge wa lamba yake komawa gida da murna, sai bayan kwana biyu ko uku ya ga tsugune ba ta ƙare ba.

Abubuwa uku ne ke iya kai lissafin ga wannan hali. Ko dai iska tana shigowa ta ɓarauniyar hanya ba tare da an auna ta ba, ko man da aka ce a ba injin bai isa ba, ko kuma ɗaya daga cikin masu awon yana ba da labarin da ba haka yake ba. Lambar da za ta fito duk ɗaya ce. Abin da ke raba su shi ne yadda waɗancan lambobi biyu ke canzawa in an taka totur, kuma wannan gwaji ba ya cin ko sisi.

Wani matashin bakanike ne ya nuna mini shi a aikace. Bai buɗe bonet ba sai da ya gama karatu. Ya fara da duba hoton da kwamfuta ke ajiyewa na lokacin da lambar ta kama: gudun injin, zafin ruwa, saurin mota. Nawa ya nuna motar tana tsaye a silo, ruwan lagireto bai gama zafi ba. Sannan ya tayar da ita ya miƙo mini wayarsa. “Yallaɓai, dubi nan. A silo jimilla ta kusa +30. Yanzu taka mini zuwa juyi 2,500 a minti ka riƙe.” Na taka. A gabana lambar ta yi ta gangarowa har ta tsaya ƙasa da +10. Na saki totur, ta sake hawa. Ya ce, “Iska take sha ta wani wuri. Famfonka lafiya lau.”

Dalilin a fili yake in mutum ya natsu. A silo ƙofar totur kusan a rufe take, injin yana zuƙa da ƙarfi ta 'yar kafa, don haka duk wata ɓula da ke bayan ƙofar za ta ja iska sosai. Kuma iskar da injin mai lita 1.8 ke sha a silo kaɗan ce, giram biyu zuwa uku a daƙiƙa. In rabin giram ya kutso ta tsaga, babban kaso ne na abincin injin. Da an taka totur, iska ta halak ta ninka sau da yawa, zuƙar da ke jan ta ɓarauniyar hanya kuma ta ragu, sai tsagar ta zama ba a bakin komai ba. Saboda haka lambar da ta yi sama a silo ta kuma sauka da an taka, yoyon iska take nunawa. Wadda take lafiya a silo amma ta hau in an taka, musamman a kan hanya ana hawan tudu ko an ɗauko kaya, tana nuna ko dai mai ba ya isowa, ko MAF tana rage awo. Wadda ta tsaya a sama ko'ina, a silo da a gudu, ita ce ke sa a waiwayi sensa, ko ingancin man da ke tanki.

Neman inda iskar ke shiga shi ne aikin da ke buƙatar haƙuri. Wuraren da aka saba samu su ne babban tiyon roba mai lanƙwasa da ke tsakanin MAF da totur, wanda yakan tsage a cikin ninkinsa ta ƙasa inda ido ba ya gani, sai an cire shi an lanƙwasa a hannu. Ƙananan tiyo da zafi ya busar. Bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin da ke taruwa a cikin injin, da tiyonsa. Tiyon da ke zuwa bustar birki. Bawul ɗin da ke sakin tururin tanki in ya maƙale a buɗe. Robobin da ke gindin nozul. Da gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska. Hanya mafi inganci ita ce a hura hayaƙi cikin bututun iska injin yana kashe, a ga inda zai ɓullo. Inda babu injin hayaƙi, makanikai kan fesa abin wanke kafireta a wuraren da ake zargi, in silo ya canza ko STFT ya faɗi, an kama wurin. Yana aiki, amma abu ne mai kama wuta ake fesawa kusa da injin mai zafi da koyil, don haka na fi son a yi da injin da bai gama zafi ba, da abin kashe gobara a kusa, ko a fesa ruwa kawai a saurari canjin sauti.

A tawa motar hayaƙin ya fito ne ta gindin manifol, inda robarsa ta haɗu da kan injin. Injin 1ZZ-FE da ke cikin Corolla na 2003 zuwa 2008 an san shi da wannan: gasket ɗin yana taurarewa ya lafe da tsufa, in gari ya yi sanyi ya ƙanƙance ya bar kafa, in injin ya yi zafi ya kumbura ya toshe. Shi ya sa motar take rawa da asuba ta warke da hantsi, shi ya sa kuma matsalar ta ɓoye duk tsawon bazara da damina sai da hunturu ya kama. Da aka ciro shi na riƙe a hannuna, baƙi ne, ya baje kamar an bi ta kansa da dutsen guga, na ɗan lanƙwasa shi ya tsage. Kuɗinsa bai kai rabin na sensar da aka sa ni na saya ba.

Ba kowace mota ce ke bin wannan tsari ba. Wasu, ciki har da Honda da yawa na da, ba su da MAF, suna amfani da sensar MAP da ke auna matsin iska a cikin manifol. A irin waɗannan, iskar da ta kutso ma ana jin ta a awo, don haka yoyo ya fi nuna kansa ta hanyar silo mai tsayi fiye da lambar ƙarancin mai. Masu injin V6 kuma, irin su Sienna da Highlander da wasu Camry, suna da ƙarin haske guda. Injinsu ɓangare biyu ne: P0171 na ɓangaren da silinda ta ɗaya take, P0174 na ɗayan. In duka biyun suka fito tare, a nemi abin da suka yi tarayya a kai, wato MAF, famfon mai, babban tiyon iska. Da wuya sensa biyu su mutu rana ɗaya. In ɗaya ce ta fito, a tsaya a wancan gefen.

Batun MAF ya fi shafarmu mu da ke zaune cikin ƙura. A cikinta akwai wata siririyar waya da ake zafafawa da lantarki. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kwamfuta kuma tana gane yawan iskar daga wutar da ake buƙata don riƙe zafin. In ƙura ta lulluɓe wayar, ta zama kamar an sa mata bargo, iska ba ta sanyaya ta yadda ya kamata, sai ta ce giram kaza ne ya shigo alhali ya fi haka. Kuskuren ya fi girma in iska ta yi yawa, shi ya sa motar take lafiya a silo amma ta yi nauyi a hanyar Kano zuwa Zariya. Ta ina ƙurar ke shiga? Ta iya kilina na jabu da bai zauna daram a akwatinsa ba, ta akwatin da maƙallansa suka karye aka ɗaure da waya, da kuma al'adar nan ta kai iya kilina wajen mai faci a bushe shi da iskar kwamfiresa, wadda ke yayyaga takardar ta bar ƙananan huji. Wankin MAF yana da nasa ruwan feshi na musamman. Ba a wanke ta da fetur, ba a sa mata burushi ko tsinke, ba a mayar da ita sai ta bushe.

Ƙarancin mai kuwa ba a yanke masa hukunci da kunne. Jin kukan famfo in an murɗa makulli yana nuna yana juyawa ne kawai, bai nuna ƙarfin turawarsa ba. Geji ake sawa. A Corolla irin tawa ana son a ga tsakanin 44 zuwa 50 a ma'aunin psi, kuma kada ya faɗi in an taka. In ya gaza, kafin a yanke wa famfo hukunci a duba rariyar da ke gindinsa da matatar mai, a kuma auna wutar da ke isa gare shi, domin ruɓaɓɓiyar waya ko rilé mai rauni na sa sabon famfo ma ya yi sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, da yawanmu lita biyar ko goma muke zubawa, allura kullum tana kan ja. Famfon yana cikin tanki ne, man da ya nutse a ciki shi ke taimakawa wajen sanyaya shi, don haka yawo da busasshen tanki yana rage masa kwana. Na san ba don so ake yi ba, amma ya kamata mai mota ya san abin da hakan ke jawowa.

Shi kansa man yana iya zama sanadi. A watan Fabrairun 2022 hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci suka lalace, layukan mai suka dawo. Metanol yana ɗauke da oksijin a jikinsa, kuma giram 6.4 na iska kawai yake buƙata ga kowane giram, ƙasa da rabin abin da fetur ke so. Injin da aka ba irin wannan gauraye dole ya ga kamar an rage masa abinci. Don haka in wuta ta kama jim kaɗan bayan an sha mai a wani sabon wuri, ko an saya a jarka wajen 'yan bumburutu, a fara da tsiyayo man a kwalba a dube shi kafin a taɓa komai. Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG su ma su lura: gas yana son wajen giram 17 na iska, kuma na'urarsa tana kwaikwayon umarnin da kwamfuta ke ba nozul ɗin fetur ne. In ba a saita ta da kyau ba, lambar za ta fito a kan gas kawai. A gwada motar a kan fetur zalla a kwatanta.

Akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani, domin yana juya al'amarin baki ɗaya. In akwai tsaga a manifol ɗin hayaƙi, ko walda mai huji a gaban sensa, kamar yadda ake bari bayan an fasa salansa an cire indomi, iskar waje tana shiga tsakanin bugun hayaƙi. Sensa ta ji oksijin ta ce mai ya yi kaɗan, alhali abin da ke cikin silinda daidai yake. Kwamfuta ta yi ta ƙara mai. Sakamakon shi ne mota mai lambar ƙarancin mai amma fuloginta baƙi ƙirin, tana warin fetur, tana shan mai kamar rariya. Alamarta ita ce ƙarar tas-tas da safe kafin ƙarfe ya yi zafi, da baƙin toka a gefen tsagar. Silindar da ba ta kamawa ma tana haifar da irin wannan ruɗu, domin iskar da ba ta ƙone ba tana wucewa kai tsaye ta kan sensa. In P0300, lambar silindar da ba ta kamawa, ko 'yan uwanta suka fito tare da P0171, sai an tantance wace ce ta haifi wata.

Sensa tana mutuwa, ban ce ba ta mutuwa ba. Amma ana iya yi mata tambaya kafin a jefar da ita. A zare ƙaramin tiyo ɗaya a bar iska ta shiga: lafiyayya za ta nuna nan take. A fesa ɗan mai ta bakin totur: za ta juya ɗaya gefen. In ta amsa duka biyun da sauri, gaskiya take faɗa. Tsohuwar samfurin tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 a ma'aunin ƙarfin lantarki. Toyota da yawa na bayan shekarar 2000 kuwa wata iri ce a gaba, wadda ake kira A/F, da ke zama wajen bolt 3.3 a na'ura ba ta lilo. Wanda bai sani ba zai ga ta tsaya cak ya ce ta mutu. Mafi muni, su biyun waya huɗu gare su, zarensu ɗaya, don haka a kasuwar kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa ce ko Panteka, ana iya miƙo maka wadda ba ita ba, mai wayarin ya yanke soket ya haɗa. Daga ranar an ƙara wa motar sabuwar cuta a kan ta da. A saya da lambar da ke jikin tsohuwar.

Wasu kan ce tun da mota tana tafiya, a bar wutar, har akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin salatif, musamman in za a kai mota kasuwa. Gaskiya ne muddin kwamfuta tana iya cike giɓin, injin ba ya jin jiki sosai. Amma lambar ta fito ne daidai lokacin da ta ce ta kusa gazawa. Bayan nan, in aka ɗora wa injin nauyi yana cikin ƙarancin mai, ɗakin ƙonewa yana yin zafi fiye da kima, a fara jin ƙarar ƙwanƙwasa a hawan tudu, bawul na iya ƙonewa, kan fistin na iya lalacewa. In silinda ta fara tsallake, ɗanyen mai ya riƙa ƙonewa a cikin indomi har ya narkar da shi. Wutar da ta koma ƙiftawa maimakon tsayawa wannan take nufi, kuma ranar ba ranar ci gaba da tafiya ba ce. Cire kan batir don wuta ta mutu shi ma ɓarna ne, domin yana share LTFT da hoton lokacin da lambar ta kama, wato shaidar da bakanike na gaba zai yi aiki da ita.

Da aka ɗaura mini sabon gasket, matashin nan bai ce an gama ba. Ya goge abin da kwamfuta ta haddace, ya tayar, muka zuba wa STFT ido yana wasa tsakanin -2 da +3. Sannan ya ce, “Yallaɓai, ka yi mako kana hawa, ka dawo mini da ita da sassafe, kada ka bari ta yi zafi a gida.” Na koma ranar Asabar bayan sallar asuba, hazo ya rufe gari. Ya jona wayarsa, muka jira ruwa ya ɗauki zafi. A silo LTFT ya tsaya a +4. Na taka zuwa 2,500, ya nuna +3.